Karɓar kuɗi kafin a yi odar kayan gyara: ina iyakar adalci tsakanin bakanike da mai inji?

Bakanike mai tambaya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon gyaran ƙananan injina, wato janareto da injinan ban ruwa da na yankan itace da na yankan ciyawa, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a, da ma masu kawo mana gyara, a kan wata matsala da ta fara cin jarina.

Yawancin abin da gyara yake buƙata ina ajiye shi a shago, kamar fulogi da matatar iska da igiyar tayar da inji da gaskit da tiyon mai. To amma akan kawo injin da abin da ya lalace a cikinsa ba ya cikin kayan da ake ajiyewa, sai an yi odarsa musamman daga wurin dila, wani lokaci ma dilan sai ya nemo shi daga kamfani. Har zuwa yanzu da kuɗina nake yin irin wannan oda, in jira kayan su iso, in ɗaura, sannan mai inji ya biya gaba ɗaya ranar da ya zo ɗauka. Abin da yake faruwa shi ne, wasu idan kayan suka iso sai su ce sun fasa, ko sun riga sun sayi sabon inji, wasu kuma sai su daina ɗaga waya. A yanzu haka akwai karanshaf na wani injin yankan itace da wasu kafireto a kan kantata, waɗanda babu wanda zai saya sai mai irin wannan injin sak, dilan kuma ya ce ba ya karɓar abin da aka yi odarsa musamman.

Saboda haka nake tunanin kafa ƙa'ida cewa ba zan ƙara yin oda ba sai an ba da kuɗi. Abin da ban tsayar ba shi ne nawa ya kamata a karɓa: kuɗin kayan gaba ɗaya, ko rabi, ko wani ɗan kafin alƙalami da zai nuna cewa mutum da gaske yake? Idan mai inji ya fasa bayan kayan sun taso, shin kuɗin ya zama nawa ke nan, ko in mayar masa da wani ɓangare? Idan kuma aka ɗaura kayan injin bai tashi ba, wa zai ɗauki asarar? Ina kuma jin nauyin tsofaffin kwastomomina, waɗanda ba su taɓa saɓa mini ba, kada su ga kamar na daina yarda da su.

Dilan kayan safaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni daga ɓangaren masu sayar muku da kayan nake, don haka bari in fara da dalilin da ya sa dilanka ya ƙi karɓa, domin ba rashin mutunci ba ne. Shi ma wanda ya sayar masa ba zai karɓa ba, ko kuma ya karɓa amma ya yanke wani kaso na kuɗin a matsayin ladan mayar da kaya cikin sito, sannan kuɗin dako na zuwa da komawa duk a kan mai mayarwa yake. Kayan lantarki kuwa, irin su kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na'urar daidaita wutar janareto, kusan ko'ina ba a karɓarsu da zarar an ɗaura su, saboda babu yadda za a tabbatar ko da lahani suka zo ko injin da aka ɗaura su a kai ne ya ƙona su. Ko a ƙasashen da doka ta fi kare mai saye, kamar Tarayyar Turai inda dokar 2011 ta ba mutum kwana 14 ya mayar da abin da ya saya ta intanet, wannan kariya ta mai saye don amfanin kansa ce, ba ta shafi cinikin da ke tsakanin shago da dila ba. Ashe ke nan daga ranar da ka yi oda, kayan sun zama naka, ko mai inji ya dawo ko bai dawo ba.

Shawarata ita ce kada ka yi wa duk oda hukunci ɗaya, ka duba ko kayan za su sayu idan mai su ya gudu. Kafireto na Honda GX160, alal misali, ko da yau ba ka da shi a shago, idan ka yi odarsa aka bar maka, ba zai daɗe a kanta ba, domin wannan inji da kwafinsa da ake kira 168F sun cika duniya. Irin wannan ba sai ka matsa wa mutum ya biya gaba ɗaya ba, ɗan kafin alƙalami ya isa, wanda ka sani ma kana iya ƙyale shi. Amma silinda ko karanshaf na injin da ba kasafai ake ganinsa ba, ko kayan injin da aka daina ƙerawa, kamar na kamfanin Tecumseh na Amurka da ya daina ƙera injina a 2008, waɗannan idan aka bar maka sun zama kwantai har abada. A kansu ka karɓi cikakken kuɗin kayan haɗe da kuɗin dako kafin ka ɗaga waya ka kira dila. Kuɗin aikinka kuwa ka bar shi sai inji ya tashi a gaban mai shi.

Sai dai akwai abin da nake so kanikawa su riƙa yi kafin su karɓi ko kwabo, wato tabbatar da lambar kaya. Kaya da yawa da ake roƙona in karɓa, ba mai inji ne ya fasa ba, bakanike ne ya yi odar abin da bai dace ba saboda ya dogara da ido ko da sunan da ke jikin murfi. GX160 da GX200 faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 68, kuma daga waje kusan ba a bambanta su, amma tafiyar fistin ɗinsu ta bambanta, na farko milimita 45, na biyu 54, don haka karanshaf ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ko a cikin GX160 kaɗai, bakin karanshaf iri-iri ne: akwai miƙaƙƙe mai kaurin milimita 19.05, akwai mai milimita 20, akwai mai tsukakken baki na janareto, akwai kuma mai zare na wasu famfunan ruwa. Bambancin da bai kai milimita ɗaya ba ido ba ya kama shi, amma fuli ba zai zauna daidai ba. Injinan kamfanin Briggs & Stratton kuma lambobi uku ake bugawa a jikinsu, ta samfuri da ta nau'i da ta ranar ƙira, wadda alƙalumanta biyu na farko shekara ce, na gaba wata, na gaba rana, kuma akwai kayan da sai da lambar ranar ake gane wanda ya dace, domin kamfani yakan canza su a tsakiyar tafiya. Haka nan injin yankan itace samfuri ɗaya yana iya zuwa da kafireto na kamfanin Walbro ko na kamfanin Zama, kayan cikinsu kuma ba sa shiga juna, sai ka goge dattin jikin kafireton ka karanta abin da aka buga.

Ka ɗauki hoton lambar ka tura wa dila, shi kuma ya tabbatar maka a rubuce cewa kayan suna nan a sito, da farashinsu na ranar, da ko an maye gurbin lambar da wata sabuwa. Bayan ka samu wannan sai ka faɗa wa mai inji kuɗi. Idan ka karɓi kuɗin mutum sannan aka ce maka kayan sun ƙare sai an jira kamfani, kai ne za ka sha kunya.

Mai injin ban ruwa ta amsa:

Malam bakanike, sannu da aiki. Ni ba ma'abociyar sana'arku ba ce, ina cikin masu kawo muku gyara, kuma ina so a ji namu ɓangaren, domin bayanin da mai sayar da kaya ya yi, duk da cewa gaskiya ne, asarar shago kaɗai ya duba.

Ban ƙi a karɓi kuɗi kafin oda ba. Wanda zai sa a nemo masa abu daga nesa ya kamata ya nuna cewa da gaske yake. Abin da yake damunmu shi ne, da zarar mun biya, ƙarfin da ke hannunmu ya ƙare, domin inji yana wurinku, kuɗi yana wurinku, kayan da aka ce an yi oda kuma ba mu gan su ba, abin ya zama cinikin biri a sama. Ya taɓa faruwa da ni a wani shago da ba zan ambata ba: injin ban ruwana ya ƙi tashi, aka ce kwayil ne, na biya kuɗinsa cif, aka shiga yi mini jeka ka dawo, yau a ce kaya suna hanya, gobe a ce dila bai turo ba, alhali shuka ba ta san uzuri ba. Da kwayil ɗin ya iso aka ɗaura, inji bai tashi ba. Daga baya aka gano cewa ɗan makunnin da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa ne ya lalace, kwayil na farko lafiyarsa ƙalau. Da na nemi kuɗina, sai aka nuna mini takardar da ke manne a bango cewa kuɗin oda ba ya dawowa.

To ina tambaya, wannan ƙa'ida ta bango, don wane hali aka kafa ta? Idan don wanda ya fasa ne, na yarda. Amma ni ban fasa ba, ban kuma zaɓi kwayil ba, ban ma san yadda yake ba sai ranar. Na kawo inji ne ga wanda ya san aiki, shi ya duba ya ce ga abin da ya lalace. Idan ganinsa bai yi daidai ba, bai kamata a ce ni zan biya kuɗin kuskurensa ba kawai don na riga na miƙa kuɗin.

Idan za ka kafa ƙa'idarka, Malam, ina roƙon ta ɗaure ka kamar yadda ta ɗaure mu. Ka faɗa mini ranar da kake sa ran kayan, ka kuma faɗa mini ranar da idan ta wuce ba su zo ba ina da damar karɓar kuɗina cikakke in ɗauki injina in nemi wani wuri. Ka ba ni rasit mai ɗauke da sunan kayan da lambarsu, ba a rubuta "kayan gyara" kawai ba, kuma ka bayyana ko na kamfani ne na asali ko kwafi, domin tazarar farashinsu ba kaɗan ba ce. Sannan tun kafin in biya, ka gaya mini kimanin abin da gyaran gaba ɗaya zai ci. Mutane da yawa da kuke cewa sun gudu, ba mugunta ce ta kore su ba. An faɗa musu kuɗin kaya kaɗai, da suka ji kuɗin aiki da sauran ƙananan abubuwa, sai suka ga jimillar ta kusa kuɗin sabon inji, kunya kuma ta hana su dawowa su faɗa.

Tsohon bakanike ya amsa:

Yaro, tambayarka mai kyau ce, kuma Hajiya ta taɓo inda maganar take. Na daɗe ina karɓar kuɗi kafin oda, ban kuma ga ya kore mini mutanen kirki ba, amma ƙa'idar ba ta tsayuwa sai an raba asara gida-gida, an san wadda ta hau kan wa.

Idan mai inji ne ya canza ra'ayi bayan kaya sun taso, asarar tasa ce, sai dai ina so ka fahimci iyakarta. Abin da ya kamata ya rasa shi ne abin da kai ba za ka iya dawo da shi ba. Idan dila ya yarda ya karɓa bayan ya yanke kasonsa, ka cire wannan kaso da kuɗin dako ka mayar masa da saura. Idan dila ya ƙi, ka miƙa masa kayan a cikin kwalinsu, domin nasa ne, ya biya. Abin da ba na so shi ne bakanike ya riƙe kuɗi ya kuma riƙe kaya, daga baya ya sayar wa wani, ya ci sau biyu a kan abu ɗaya. Idan kuma ya fasa kafin ka kira dila, kuɗinsa gaba ɗaya za ka ba shi, ban da ladan bincike idan kun yi da shi.

Idan dila ne ya turo abin da ba shi ba, ko ya zo da lahani, wannan tsakaninka da dila ne, mai inji ba ruwansa, abin da ya hau kanka kawai shi ne ka sanar da shi jinkirin da wuri. Idan kuwa kai ne ka yi odar lambar da ba ta dace ba, ko ka ce abu ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau, asarar taka ce, ko da an rubuta akasin haka a bango da manyan baƙaƙe. Wannan shi ne abin da mutum yake biya idan ya kawo wa gwani aiki.

Don haka kafin ka nemi kuɗin kowa, ka gama bincikenka. Kwayil da Hajiya ta ambata, gwajinsa ba ya cin lokaci: ka zare siririyar wayar da ke kashe inji daga jikinsa, ka ja igiya, idan wuta ta fito a fulogi, to kwayil ba shi da laifi, ka koma kan makunnin kashewa ko na baƙin mai. Janareton da ya daina ba da wuta, kowa gaggawa yake ya ce na'urar daidaita wuta ce, alhali yana iya zama gawayin buroshi ne ya cinye, ko wayar naɗin ciki ce ta ƙone. Idan naɗin ne ya haɗu ka ɗaura sabuwar na'ura, tana iya ƙonewa nan take, ka yi biyu babu. Ka sa mita ka auna naɗin tukuna. Injin yankan itace kuma, idan ka cire salansa ka leƙa ta ramin hayaƙi ka ga fistin ya karce, bai isa ka yi odar silinda da fistin ba, sai ka nemo abin da ya karce shi, ko man da ba a gauraya daidai ba, ko iska da ke shiga ta robar karanshaf. Idan ba ka toshe wannan ba, sabon ma haka zai yi, mai inji kuma zai ce kayan jabu ka sa masa.

Akwai lokacin da ba za ka iya sanin iyakar ɓarna ba sai ka buɗe inji gaba ɗaya, ko sai ka canza abu na farko sannan na biyu ya bayyana. A nan gaskiya ce kaɗai mafita. Ka ce wa mutum: wannan na tabbatar ya lalace, amma akwai yiwuwar wani abu a bayansa da ba zan gani ba sai inji ya tashi. Idan ya ji haka ya ce a ci gaba, ka rubuta a rasit, to ya shiga da saninsa. Ni ina karɓar ɗan ladan bincike daban, in cire shi daga kuɗin aiki idan an yi gyaran a wurina, domin bakaniken da ba a biyansa kuɗin dubawa shi ne yake yin odar kaya da ka.

Wasu za su ce maka ai inji yana hannunka, shi ne jinginarka, ba sai ka karɓi kuɗi ba. Kada ka dogara da wannan. Injin da aka kawo a mace, mai shi ya san darajarsa fiye da kai, kuma wanda ya fi saurin barinsa shi ne wanda ya ga gyaran ya kusa fin ƙarfin injin. Sai ka wayi gari da mataccen inji da sabon kaya da ba ka da mai saye, ga cunkoso a shago, kuma ba ka da ikon sayar da kayan mutum haka kawai, domin kowace ƙasa tana da dokarta a kan kayan da aka bari, galibi sai an sanar da mai su an kuma ba shi wa'adi. Shi ya sa idan na ga kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabon inji, nakan zaunar da mutum in ce ya je ya kwana a kan maganar kafin ya biya.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnenka a kai shi ne kuɗin da ka karɓa. Ba naka ba ne tukuna. Ka yi odar a ranar ko washegari, kada ka cike wani giɓi da shi da niyyar za ka mayar, domin jeka ka dawo da ake yi wa mutane yawanci daga nan yake farawa: ba dila ne ya makara ba, ba a ma yi odar ba.

Ɗalibin fiƙihu ya amsa:

Ina neman izinin manya in ƙara wani ɓangare ga wanda abin ya dama. Kafin alƙalamin da mai sayarwa yake riƙewa idan mai saye ya fasa, malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna shi da sunan cinikin arbun. Imamu Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba su halatta a riƙe kuɗin ba, domin a ganinsu cin dukiyar mutum ne ba tare da an ba shi komai a madadinta ba, Imamu Ahmad kuwa ya halatta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993, ta ɗauki ra'ayin halatci, amma da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Wannan sharaɗi ya yi daidai da abin da Hajiya ta nema.

Tsarin da Baba ya kawo, na miƙa wa mutum kayansa idan ya fasa, yana kauce wa saɓanin gaba ɗaya, domin ba a riƙe kuɗi a banza ba, an ba shi abin da ya biya. Sai dai ya kamata bakanike ya tsayar da matsayinsa tun farko. Idan ya ce wa mutum "kawo kuɗi in sayo maka", ya zama wakili ke nan, kayan na mai inji ne tun daga lokacin saye, kuma wakili ba ya ɗora riba a ɓoye a kan farashin dila, sai dai ya faɗi ladan wahalarsa a fili. Idan kuwa ya ce "zan sayar maka da kaya kaza a kan kuɗi kaza", to shi mai sayarwa ne, ribarsa halal ce ba sai ya bayyana nawa ya sayo ba, amma kayan suna wuyansa har ya miƙa su, ko sun ɓace a hanya, ko sun fashe, ko farashi ya tashi kafin su iso. Rigima takan taso ne idan mutum ya so ribar mai sayarwa, amma da asara ta zo sai ya ce shi ɗan aike ne kawai.

Bakanike mai tambaya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa zan karɓi cikakken kuɗin kaya da na dako a kan abin da ba zai sayu ba, ɗan kafin alƙalami a kan wanda zai sayu, in bar kuɗin aiki sai an gama, in kuma rubuta lambar kaya da wa'adi a rasit. Zan tsaya a matsayin mai sayarwa, tunda ina ɗora riba. Baba, saura maganar tsofaffin kwastomomi, da kuma ma'aikatun da ke kawo mini injina, waɗanda tsarinsu shi ne sai an gama aiki a kai takarda sannan a biya. Su ma in ɗora musu ƙa'idar?

Tsohon bakanike ya amsa:

Ƙa'idar ka sanar da ita ga kowa, ka rubuta ta inda ake gani, kuma ka faɗe ta da baki ranar da aka kawo inji, ba ranar da rigima ta tashi ba. Tsohon kwastoma idan ya ga kowa ake yi wa, ba zai ɗauka da shi kake ba, musamman idan ka bayyana masa cewa dila ba ya karɓar kayan idan sun zo. Idan ka ga dama ka ɗaga wa wani ƙafa, wannan bashi ne ka ba shi da saninka, don haka kada ya wuce abin da za ka iya rasawa ba tare da shago ya girgiza ba, kuma kada yaran shago su riƙa yanke wannan hukunci a bayan idonka.

Ma'aikatu kuwa ba za su canza tsarin biyansu saboda kai ba. Abin da za ka nema a madadin kuɗi shi ne takardar umarnin aiki mai hatimi da sa hannun wanda yake da ikon amincewa da kashe kuɗi, wadda ta ambaci kayan da farashinsu da cewa odar musamman ce da ba a sokewa. Maganar direba ko mai gadin da ya kawo injin ba ta isa ba, domin ranar biya ofishin kuɗi takarda zai tambaya. Idan kayan suna da tsada har za su danne maka jari na tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su biya, ka ba su lambar kayan su sayo da kansu su kawo, kai kuma ka rubuta cewa garantinka a kan aikin hannunka ya tsaya, bai shafi kayan da ba ta hannunka suka biyo ba.